Dala Ɗaya Ta Rage

Ranar da aka rufe cinikin aya
Alhaji ya miƙo jaka ta tagar mota,
ya ce ladan ƴan dako ne na kaka guda.
Na zauna kan sikeli a bakin magaza,
bayan babbar kasuwar Maraɗi,
na ƙirga sau uku ina lasar yatsa:
dubu ɗari bakwai da ashirin
da ɗari bakwai da ashirin.

Na rubuta a kaye, 720 720,
kamar tagwaye cikin zane ɗaya,
kamar mai i'ina ya faɗi farashi ya sake faɗi.

Na bar lakwal ban kai ko'ina ba,
amma lissafi ya biyo ni gida kamar jar akuya.
Sai na shiga tonon lambar nan
yadda ake tonon gujiya a fadamar gulbi,
in ga abin da ta ɓoye a ƙasa.

Cika ce, ba mara ba.
Biyu na kwance a cikinta har sau huɗu,
uku sau biyu,
sai biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,
gagararru duka, wuƙa ba ta cin kowanne.
Iyayenta ke nan.

Kawo mutum bakwai, ta sallame su ba ƙorafi.
Kawo sha ɗaya, kawo sha uku masu wuyar sha'ani,
su ma su tashi suna godiya.
Daga ɗaya har sha shida
ba ta barin ko tamma a gindin ƙwarya,
kuma duk lambar da ba ta kai ta ba
ba ta iya wannan karamci.
Ƙofofinta ɗari biyu da arba'in.
In ka tara masu raba ta, ban da ita kanta,
sun ninka ta uku har da gyara.
Mushe Jadi, Allah jiƙan rai,
wadatacciya yake kiran irinta,
yana kaɗe alli daga hannun riga.

Mu kuwa sha shida ne cif.
Dubu arba'in da biyar da arba'in da biyar kowa.
Har na fara jera kaso a kan buhu,
ina jin daɗi kamar ni na haife ta,
sai Nomau ya ce, bai ɗago kai ba:
Tsalha fa?

Tsalha da buhu ya karya wa ƙugu
a sati na biyu.
Yana Bagalam kan tabarma, yana ƙirga azarar ɗaki.
Sunansa ni na soke shi a kaye,
da jan biro, da hannun nan.

Shiru, sai kukan kabu-kabu daga titi.
Mati, da ya yi wa ɗakinsa alkawarin kwano,
ya daɗe yana kallon kasonsa.
Sa'an nan ya tura shi tsakiya da yatsan ƙafa.
Ya ce, sake rabo, malamin lissafi.

Sha bakwai ba ɗan gidanta ba ne.
Na sani tun kafin in ɗora biro.
Na raba, na sauke, na sake saukewa:
dubu arba'in da biyu
da ɗari uku da casa'in da biyar,
sai biyar ta tsaya a ƙasa, ta ƙi shiga.

Dala ɗaya.
Ko ƙullin gishiri ba ta saye yau.

Nomau da Mati suka kai wa Tsalha nasa bayan la'asar.
Ni na tsaya da ƙwandalar a tafin hannu,
lamba mai ƙofa ɗari biyu da arba'in
ta rasa ta shigar mutum guda.

Ƙafar sikelinmu ta hagu ta daɗe tana ɗingishi.
Na durƙusa na cusa dalar a ƙarƙashinta.
Tana nan har yau.
Awo ya daina rawa.